Digirin HDFS a Jami'o'in Amurka: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

HDFS (Human Development and Family Studies) shi ne nazarin girman ɗan Adam tun daga ciki har tsufa, tare da yadda zaman iyali yake gudana. Asalinsa sashen tattalin gida ne na jami'o'in jiha da Dokar Morrill ta 1862 ta ba filaye, shi ya sa ya fi ƙarfi a wurare irin su Penn State, Michigan State, Purdue, Iowa State da Wisconsin. Wannan asali yana ruɗa masu shiga. Wasu su zo da tunanin girki da raino za a koyar, wasu su ɗauka ilimin halayyar ɗan Adam ne aka sauya wa suna. Sai a tarar da ƙididdiga, dabarun bincike, dokokin iyali da aikin sanin makama a waje.

Ɗaukar digirin a matsayin lasisi

Wannan ne kuskure mafi tsada, domin ba a gane shi sai a shekarar ƙarshe, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Digirin farko na HDFS shi kaɗai ba ya ba mutum izinin buɗe ofishin sasanta ma'aurata, ba ya mai da shi malamin makarantar gwamnati, kuma ba digirin aikin walwalar jama'a ba ne. Kowace ƙofa da mabuɗinta.

Mai son zama ƙwararren mai ba ma'aurata da iyalai shawara da lasisi sai ya yi digiri na biyu, ya ƙara da sa'o'in aiki ƙarƙashin kulawar wani ƙwararre, sannan ya ci jarrabawar da jihar ta gindaya. Mai son aikin walwalar jama'a ya sani cewa rangwamen da ake yi na gama digiri na biyu cikin kusan shekara ɗaya na masu digirin BSW ne, wato digirin farko na aikin walwalar jama'a, daga shirin da CSWE, hukumar tantance karatun wannan fanni, ta amince da shi. Ɗan HDFS zai yi cikakken shirin, yawanci shekara 2. Mai son aiki da yara marasa lafiya a asibiti yana buƙatar shaidar CCLS, ta ƙwararren mai tallafa wa yara a asibiti, wadda ake samu bayan wasu keɓaɓɓun kwasa-kwasai, aikin asibiti na sa'a 600 ƙarƙashin wanda yake da shaidar, da cin jarrabawa. Guraben wannan aikin kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma asibitoci sun fi karkata ga wanda ya riga ya tara sa'o'in aikin sa-kai da yara.

Shaidar da ta fi kusa da digirin ita ce CFLE, ta mai ilimantar da jama'a kan rayuwar iyali, wadda NCFR, ƙungiyar masana zaman iyali ta Amurka, take bayarwa. Tana da fanni 10 da dole a taɓa, ciki har da tarbiyyar yara, tattalin dukiyar gida, dokar iyali da ɗa'ar aiki. Idan shirin jami'ar yana cikin waɗanda NCFR ta amince da su, ana iya samun shaidar ba tare da jarrabawa ba, amma sai an ɗauki ainihin kwasa-kwasan da ke jerin, kuma an nema cikin wa'adin da aka sa bayan kammalawa. Ɗalibi ya musanya kwas guda da wani da ya fi masa sauƙi, ya gama digiri lafiya, sai ya tarar fanni ɗaya babu komai a kansa.

Gyaran: tun zangon farko a tsayar da aikin da ake nufi, a ɗauko sharuɗɗansa, a ajiye gefen jerin kwasa-kwasan sashe, a tsara karatun daga ƙarshe zuwa farko.

Ɗage ƙididdiga zuwa "wani zango"

Kwasa-kwasan HDFS sarƙa ne. Kwas ɗin gabatarwa kan girman ɗan Adam yana buɗe na jarirai da yara, na matasa, da na manya da tsofaffi. Ƙididdiga tana buɗe dabarun bincike, dabarun bincike su buɗe kwasa-kwasan aji huɗu, su kuma su buɗe aikin sanin makama. Yawancin masu zaɓar wannan fanni guje wa lissafi suke yi, sai su yi ta tura ƙididdiga gaba har aji uku. In aka faɗi a nan, sarƙar duka ta tsaya. Ƙari a kan haka, wasu kwasa-kwasan sau ɗaya ake bayar da su a shekara, don haka faɗuwa ɗaya tana iya cin shekara guda da kuɗinta.

A ɗauke ta a shekarar farko ko farkon ta biyu, a zangon da babu wani kwas mai nauyi. A kuma tambayi sashe wace ƙididdigar yake karɓa, domin ta sashen lissafi, ta sashen halayyar ɗan Adam da ta kasuwanci ba kullum suke maye gurbin juna ba.

Ga mai bizar F-1, wato bizar ɗaliban ƙasashen waje, akwai tarko a nan. Idan kwas ya yi zafi, ɗan ƙasa yana iya janyewa ya huta. Ɗalibin waje dole ya riƙe kiredit 12 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) a kowane zango, kuma kwas ɗaya tak na intanet, wanda bai wuce kiredit 3 ba, ake lissafawa a cikin 12 ɗin. Janyewar da ta sauko da shi ƙasa da haka ba tare da izinin jami'in kula da ɗaliban waje ba tana ɓata masa matsayin zama. A nemi izinin tukuna, sannan a janye.

Ƙirga kiredit 120 kawai

Galibin jami'o'i kiredit 120 suke nema. Masu raba shekara zango huɗu, irin su Oregon State, 180 suke nema, domin kiredit ɗinsu kashi biyu cikin uku ne na masu zango biyu. Amma cika adadin bai isa ba. Akwai kason ilimin gama-gari, akwai adadin da dole ya fito daga kwasa-kwasai masu lamba 300 da 400, wato na aji uku da huɗu, akwai kuma sharaɗin yin wani kaso, sau da yawa kiredit 30 na ƙarshe, a jami'ar da za ta ba da takardar. GPA 2.0 yana isa a yaye mutum a wurare da yawa, sai dai sashe yakan ƙi karɓar ƙasa da C a kwasa-kwasansa na dole. D tana ba da kiredit, ba ta buɗe kwas na gaba. A buɗe shafin tantance digiri na jami'a kowane zango kafin rajista, ba bayanta ba.

Zuwa da takardar sakamako babu manhaja

Wanda ya fara karatu a gida, misali tattalin gida a ABU Zariya ko nazarin iyali a Jami'ar Ghana da ke Legon, yakan ɗauka tantancewar WES, ƙungiyar da ke tantance takardun karatun ƙasashen waje, ta gama magana. WES tana faɗin darajar karatun ne a ma'aunin Amurka; sashen HDFS ne yake yanke ko kwas ɗinka ya yi daidai da nasu. Ba za su yanke ba sai sun ga manhajar kowane kwas: darussan mako-mako, littattafai, yadda aka raba maki. Babu wannan, sai a jefa kiredit ɗin cikin na zaɓi, ka maimaita abin da ka riga ka sani. A tattaro manhajojin kafin a bar ƙasa, da hatimin sashe. Nemansu daga nesa wahala ce da ba ta da dalili. Sakamakon WAEC ko NECO kuwa na shiga ne, ba ya rage kiredit.

Sakaci da takardun aikin sanin makama

Aikin nan da yara ake yi, ko tsofaffi, ko iyalan da ke cikin matsala, don haka ba a shiga da ka. Sashe yakan buƙaci a nema zango ɗaya ko biyu kafin lokaci. Wurin aiki zai nemi binciken tarihin laifi, sau da yawa har da hoton yatsu, da katin rigakafi, da gwajin tarin fuka.

Gwajin tarin fukar yana kama 'yan Afirka ta Yamma ba zato. Wanda aka yi wa allurar BCG yana jariri, gwajin fata yana iya nuna yana da cutar alhali ba ya da ita, sai a tura shi hoton ƙirji, makonni su tafi. A faɗa wa asibitin jami'a an yi BCG, a nemi gwajin jini irin QuantiFERON, wanda allurar ba ta ruɗa shi. Wanda katin rigakafinsa na yarinta ya ɓace, ya fara neman gwajin garkuwar jiki ko sake allurai tun watanni kafin lokacin.

Sai izinin CPT, wato izinin aikin sanin makama yayin karatu. Ɗalibin F-1 ba ya fara aiki a wajen jami'a sai an rubuta izinin a takardarsa ta I-20, wadda jami'a take ba ɗalibin waje, da sunan wurin da ranakun, kuma a ƙa'ida sai ya cika shekarar karatu ɗaya. Jami'o'i da yawa suna neman izinin ko da aikin ba na albashi ba ne. Fara aiki kwana ɗaya kafin ranar da ke kan takardar laifi ne. Wanda kuma ya yi wata 12 cur na CPT na cikakken lokaci ya rasa damar OPT, wato izinin aikin shekara ɗaya bayan kammalawa. Ƙarin wata 24 da ake ba masu fannin kimiyya da fasaha ya dogara ne da lambar fanni da ke kan I-20. Ta HDFS yawanci 19.0701 ce, don haka a duba ta da jami'in ɗaliban waje kafin a gina lissafi a kan shekara 3.

Bin kundin da ba naka ba

Sharuɗɗan da ke kanka su ne na kundin ƙa'idojin jami'a na shekarar da ka shiga, ko shekarar da ka koma sashen, ba na abokin da ya riga ka ba. Duk wata musanya ko rangwame da mai ba da shawara ya amince da ita da baki, a sa ya rubuto ta imel kuma a ga ta hau shafin tantancewa, domin ma'aikata suna sauya wuri. Yaye ma sai an cike takardar nemansa, yawanci a farkon zangon ƙarshe ko wanda ya gabace shi. Wanda ya wuce ranar, takardar digirinsa za ta jira zango na gaba ko da ya ci komai.