Masu kiwon kaji, ga yadda muzuru ke farauta

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman na Ikorodu da Epe da ke kusa da jeji. Muzuru ba ya bin kaza da gudu. Laɓewa yake cikin ciyawa, ciki a ƙasa, ya yi ta sanɗa har ya matso kamar mita ɗaya ko biyu, sannan ya yi tsalle guda ya cafke ƙeya. Fiƙarsa ce ke shiga tsakanin ƙasusuwan wuya ta tsinke laka, shi ya sa sau da yawa ko kuka ba za ka ji ba. Lokacinsa magariba da asuba.

To, a raba shi da maɓoya: a share ciyawa da tarin katako kewaye da akurki. A sa raga mai ido rabin inci har sama, domin gwanin hawa ne, kuma duk kafar da kansa ya shiga, jikinsa zai bi. Damshin Legas na cinye raga, a riƙa duba gindinta inda tsatsa ke farawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin dusa a zube da dare. Ɓera ya zo, muzuru ya biyo ɓera, ya tarar da 'yan tsaki.