Yadda jami'o'i za su yi tarayya a lab ɗaya ta intanet

Lab na nesa ba hoton kwamfuta ba ne da ake kwaikwayon gwaji fa, na'ura ce ta gaske tana can ajiye a wani ɗaki an jona ta da kwamfuta da kamara, ɗalibi yana wata ƙasa ya shiga ta burauza ya ba ta umarni, ita kuma ta auna ta dawo masa da sakamako har da ɗan kuskuren da ba a raba awo da shi. Jami'ar MIT ta Amurka ta fara irin wannan tun 1998 da na'urar auna taransisto, wato wani ɗan ƙaramin ɓangare na kayan lantarki, a 2005 kuma jami'o'in Obafemi Awolowo a Najeriya da Makerere a Uganda da Darussalam a Tanzaniya suka shiga shirinta na lab na nesa mai suna iLab da tallafin gidauniyar Carnegie.

To in sashenku zai shiga, ku fara da gwaji ɗaya tak, kar a ce sai an ɗora lab gaba ɗaya. Kuma ku zaɓi wanda ɗalibi zai tura lambobinsa su shiga layi, na'ura ta gama cikin 'yan daƙiƙu ta turo amsa, irin wannan ko netwok na yankewa ba ya ɓaci kuma ɗalibai da yawa za su samu. Wanda sai mutum ya riƙe na'ura rabin awa yana juya ta yana kallon bidiyo, shi ne mai cin data kuma dole sai an yi masa jadawalin kama lokaci, ku bar shi sai kun goge.

Manhaja kar ku ce za ku rubuta taku daga farko, wahalar banza ce. Akwai WebLab-Deusto ta jami'ar Deusto a Sifen, a buɗe take ga kowa, ga kuma VISIR daga cibiyar fasaha ta Blekinge a Suwidin, ta masu karatun lantarki. Ni VISIR ɗin nan yana burge ni, ɗalibi zai ja wayoyi da linzamin kwamfuta (maus) a kan allo, can a ɗakin sai wasu 'yan makunnai su yi ƙas ƙas su haɗa ainihin wayoyin, amma kafin nan sai manhajar ta duba ko haɗin yana cikin waɗanda malami ya amince da su, in zai ƙona kaya ta ƙi.

Sunayen ɗalibai da faswod ɗinsu kowace jami'a ta riƙe nata, jami'ar da ke da na'urar kuwa tikitin shiga kawai za ta gani, wato shaidar cewa an ba ɗalibin izini.

Inda ake yawan samun matsala shi ne yarjejeniya, kuma nan ne mutane ke gaggawa. A zauna a rubuta awa nawa kowa zai samu a mako, wa ke da fifiko in lokacin gabatar da rahoto ya zo wa ɓangarorin biyu tare, wa zai biya in wani abu ya ƙone, sannan wa za a kira in na'ura ta maƙale da dare, don rana a wajenku tana iya zama tsakar dare a wajensu, kuma abin da ake buƙata sau da yawa mutum ne kawai ya je ya kashe ya kunna. Wannan ma'aikacin lab ɗin a sa shi cikin zaman tun ranar farko, ba shugabanni kaɗai ba.

Kafin a saki ɗalibai malamin kwas ya yi gwajin da kansa daga gida, a wayarsa, a ranar da netwok ba shi da kyau.