Kafin ka zuba kuɗinka a butkam na koyon kodin

Ƙannena, kwanan nan duk fadar da na zauna a Maradi sai wani ya jawo maganar butkam, wai wata uku ka zama mai haɗa manhaja ka fara cin dalar Amurka. To bari in faɗa muku yadda za ku bi abin, don wallahi ina jin ciwon ganin yaro ya saida babur ɗinshi ya biya horon da bai shirya ma ba.

Butkam dai horo ne na gaggawa, galibi wata 3 zuwa 6, safe da yamma kana rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi. A Amurka ya fara tashe wajen 2011 da 2012 da irin su General Assembly da Dev Bootcamp, ita ta biyun ma an rufe ta a 2017.

Kar ka biya ko dala ɗaya sai ka gwada kanka wata guda kyauta. Ka buɗe freeCodeCamp in kana jin Ingilishi, in kuma lakkol ɗin Faransanci ka yi kamar yawancinmu to akwai darussa a OpenClassrooms, ka fara da HTML da CSS sannan JavaScript, harsunan da ake gina shafin intanet da su, awa biyu kullum ba fashi. Ranar da kod ya ƙi tashi ka kwana kana nema ashe waƙafi ɗaya ne ka manta, in gari ya waye ka ji kana son komawa kanshi, to sana'ar ta karɓe ka. In ko ka ji ranka ya fita, ka tsira da kuɗinka.

Portabul ba ta isa wannan aiki. Ka nemi kwamfuta ko ta hannu ce, RAM giga 8, kuma ka duba batir sosai, kun san halin kuran lokacin zafi. Darussa ka sauke su sa'ad da rezo ke da kyau.

Sai zaɓen butkam ɗin, nan ne ake cutar mutane. Ka ce a haɗa ka da ɗalibai biyu ko uku da suka gama, ka tambaye su da bakinka ina suke aiki yanzu, ka ga GitHub ɗinsu, wato shafin da masu kodin ke ajiye aikinsu. Ka tambaya shin akwai malamin da zai zauna ya karanta kod ɗinka ya gyara maka, ko bidiyo kawai za a tura maka, don in bidiyo ne akwai shi a YouTube. Masu cewa sai ka samu aiki ka biya daga albashi, ka kai takardar wurin babba ya karanta maka kafin ka sa hannu.

Kuma tun kana cikin horon ka gina abin garinmu, misali manhajar rubuta bashi da lissafin kaya ga ɗan kasuwa a babbar kasuwa, ko ta fidda makin ɗalibai, ka ba mutum ya yi aiki da ita ya yi maka ƙorafi ka gyara. Mai ɗaukar aiki wannan zai buɗe kafin takardar shaida. ChatGPT ka sa shi ya yi maka bayani, kar ka kwafe abin da ba ka gane ba, ranar intabiyu kai kaɗai za ka zauna.

Ingilishi kuma ka dage da shi, bayanan kodin mafi yawa da shi aka rubuta, ga Katsina da Kano kusa da mu in aiki ya fito can.