Yadda za ka zaɓi ɗaki a jirgin ruwan shaƙatawa tun kana Accra

Kafin ka biya ko sisi, ka nemi taswirar benayen jirgin daga wakilin tafiye-tafiye ko daga shafin kamfanin, domin girman jiragen yanzu ya wuce a zaɓi ɗaki da ka. Jirgin Icon of the Seas, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finland, ya kuma fara ɗaukar fasinja daga Miami a Janairun 2024, yana da tsawon mita 365 da hawa 20, kuma yakan iya ɗaukar fasinja kusan 7,600.

Ɗakunan iri huɗu ne: na ciki marar taga wanda ya fi araha, mai taga da ba ta buɗuwa, mai baranda, sai babban ɗaki mai falo. Amma wurin da ɗakin yake ya fi irinsa muhimmanci. Jiragen suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, sai dai ba sa hana goshin jirgi tashi da sauka. Saboda haka mai saurin jiri, ko wanda zai tafi da iyaye tsofaffi, ya nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, don ɗakin gaba a hawan sama kamar kujerar baya ne a trotro kan hanya mai gargada. Ka duba kuma abin da ke samanka da ƙasanka. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninƙaya yakan sha ƙarar jan kujeru tun da asuba, wanda ke kan zauren kiɗa kuwa ba ya samun shiru sai dare ya raba. Mafi kyau shi ne ɗakin da ɗakunan kwana suka sa a tsakiya, sama da ƙasa.

A ganina, iyalin Musulmi da ke da hali su ƙara kuɗi su ɗauki mai baranda, domin Hajiya za ta sha iskar teku cikin sutura ba sai ta shiga cunkoson wurin wanka ba. Alƙibla tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata, don haka a riƙa dubawa kafin kowace salla. Batun naman halal a rubuta wa kamfanin makonni kafin tafiya.

Jiragen da kan tsaya a Tema ko Takoradi yawanci masu wucewa ne, shi ya sa birnin Durban na Afirka ta Kudu, inda jiragen kamfanin MSC ke tashi a lokacin zafin ƙasar, ya fi dacewa da mutanen unguwannin Nima da Madina na Accra, ga shi tun Nuwamban 2023 masu fasfon Ghana ba sa buƙatar biza zuwa can. Duk da haka ka bincika sharuɗɗan kowace ƙasar da jirgin zai tsaya, ka riƙe katin rigakafin shawara, ka isa birnin kwana ɗaya kafin tashi. Da ka shiga, ka halarci atisayen ceton rai da dokar teku ta wajabta, ka kuma haddace hanyar matakala daga ɗakinka zuwa wurin taruwa, domin ba a hawa lif idan haɗari ya taso.