Mai ciwon naman bayan ƙwauri in ya yi tafiya, kada ya daina tafiyar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga shawara ga masu fama da toshewar hanyoyin jini na ƙafa, musamman dattawanmu masu diyabeti, hawan jini ko shan sigari. Alamarta: kana tafiya sai naman bayan ƙwaurinka ya ɗaure, ka tsaya minti kaɗan ya saki. Kitse ne ya ƙuntata hanyar, jini bai isa ga naman da ke aiki.

Da yawa sai su koma zaman tabarma, alhali tafiyar ce magani. Ka taka har ciwon ya fara damunka, ka huta ya lafa, ka ci gaba. Minti 30 zuwa 45, sau 3 a mako, aƙalla wata 3. A zafin ranar Yamai, bayan asuba ko bayan la'asar ya fi, da takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Sigari da shisha kam a bar su kwata-kwata, ragewa ba ta wadatarwa.

Kowane dare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Lokacin ɗari kada a kanga ƙafa ga garwashi, kuma don Allah kada wanzami ya yi mata ƙaho ko tsaga. Ƙafar da jini bai isa gare ta, rauninta bai warkewa da wuri.

In ciwon ya fara hana barci, ko yatsa ya yi baƙi, a ga likita cikin gaggawa. Ƙafar da ta yi sanyi farat ɗaya ta ɗashe kuwa, Babban Asibitin Ƙasa za a nufa nan take, ko da tsakar dare ne.