Yadda na gyara barcina lokacin Korona

Da aka rufe masallatai da makarantu a watan Maris na 2020, agogon jikina ya rikice a nan Damagaram. Ba sammakon fita, sai danne-dannen waya har biyun dare, tuwo kuma sai sha ɗaya.

Daga shayi na fara gyara. Sinadarin da ke hana barci yakan yi awa biyar rabinsa bai bar jiki ba, don haka kofin ƙarshe ya koma kafin la'asar. Abokan fada sun yi ta tsiya, na share. Tuwo ya dawo bayan magariba. Da hantsi in zauna tsakar gida in sha rana da kokona, haske ke saita agogon. Waya kuwa a zaure take kwana.