Darasi na 7: Ciwon ƙoda da ciwon ƙashi, meye haɗinsu?

Kafin mu fara, ƙashi muke magana da ƙ mai lanƙwasa, kar wani ya tashi ya rubuta mana kashi a allo aji ya ɓarke da dariya.

To, mai ciwon ƙoda da ya daɗe, musamman wanda ya kai ga wankin ƙoda, sai kaji yana ta kukan baya da ƙugu da gwiwa, tashi daga tabarma ma sai an kama shi, mutanen gida suce ai sanyin ƙashi ne a ruga kemis a Tudun Wada ko Sabon Gari a siyo mishi diklofenak. Don Allah a daina, irin waɗannan ƙwayoyin ƙara kashe ƙodar suke, kuma sau da yawa matsalar daga wuya take tasowa.

A wuyan kowa, bayan wajen da maƙoƙo ke fitowa, akwai wasu 'yan ƙullutai yawanci guda 4 kowanne kamar ƙwayar shinkafa, likitoci na ce musu paratairod. Aikinsu gadin kalsiyam a cikin jini, wato sinadarin da ke sa ƙashi ƙarfi. Ita kuma ƙoda ita ke zubar da rarar wani sinadari fosfet ta fitsari, ita ce kuma ke gyara bitamin D har hanji ya iya tsotsar kalsiyam daga abinci. In ƙoda ta gaji duka biyun sun tsaya kenan, fosfet ya taru, kalsiyam yayi ƙasa, sai ƙullutan nan su tashi haiƙan suna zuba sinadarinsu PTH, shi kuma bai san wata ma'ajiya ba sai ƙashi, nan zai dinga kwasar kalsiyam yana kaiwa jini. Kamar mai gidan ƙasa ne a cikin birni da yake kankarar katangarsa yana liƙe zaure, wata da watanni har katangar ta zama rariya.

Shiyasa ɗan tuntuɓe kaɗan sai karaya, a kai wajen mai ɗori ya ɗaure ƙashin yaƙi kamawa da wuri. Ga ƙaiƙayi mai hana barci. In yaro ne girma ya tsaya ƙafa ta gwame. Abin da aka kwaso ɗin ma wani lokaci jijiyoyin jini yake zuwa ya daskare, wannan kam yafi bani tsoro.

Gane wannan ciwon da gwajin jini ne. In kun je asibitin koyarwa na Shika a Zariya ku tambayi likitan ƙoda kai tsaye: ya kalsiyam ɗina, ya fosfet, an duba PTH? In an baku maganin kama fosfet, tare da abinci ake sha, loma na shiga shima yana shiga, in ka bari sai bayan awa 2 kusan asarar kuɗi kayi. Baƙin lemon kwalba a haƙura da shi saboda fosfet. Nono, madara, hanta, ƙuli-ƙuli da kayan gwangwani duk suna da fosfet, amma kar ka yankewa kanka abinci ka rame, a asibiti za'a auna maka. Wasu ana ƙara musu bitamin D na musamman, in ƙullutan sun ƙi jin magani ayi tiyata a cire.

Aikin gida: rubuta sunan magungunan da mara lafiyarku yake sha, kusa da kowanne ka sa lokacin shansa, ka taho da takardar aji na gaba.